Ƙamshin Koriyar Kwalba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga autata Falmata. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko kina cikin kar, babbar motar fasinja, tana gudu da ke, ko kin riga kin sauka kin wanke ƙafa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe.

Na cusa ta cikin zannuwanki ne don na san ba za ki buɗe jakar ba sai kin bar Damagaram a baya. Da baki na so in yi miki maganar, amma na san halina, kuka zai tare ni, ke kuma ki ɗaga yatsan nan naki ki fara yi mini bayani irin na ƴan jami'a har in manta inda na tsaya. Kada ki yi dariyar rubutun. Bik ɗin babanki ne, yana yi yana ɗaukewa, ni kuma rabona da riƙe abin rubutu tun kina goye.

Za ki Lome, aiki a izin, tsohuwar babbar masana'antar nan mai yin giya. Da farko kin ce mana a labo, ɗakin gwaje-gwaje, za ki zauna kina awon ruwa. Da kika ga na zuba miki ido, sai kika ƙarasa gaskiyar: manyan wurin sun gane hancinki lokacin da kika yi sitaj, wato koyon aiki, a wurinsu, suna so ki riƙa sunsuna furen da suke zubawa a giyarsu mai ɗaci, ki ce musu wannan buhu ya yi, wancan ya kwana. Kin ce ko ɗigo ba zai wuce leɓenki ba, na kuma yarda, don ke ba ki iya ƙarya ba, kunnenki ja yake yi. Ni ba malama ba ce da zan yanke miki hukunci, amma abin da na sani na sani: giya haram ce, kuma ba na son aikin nan. Na faɗa sau ɗaya, ba zan yi ta nanatawa ba.

Sha ba ya cikin abin da nake tsoro. Tsorona kada kunya ta riƙe ki a can. Na ga ƴaƴan garin nan da suka tafi aikin da gari ba ya so, babu wanda ya kore su, su da kansu suka fara cewa sai baɗi, daga nan sai muryarsu a waya, daga nan shiru. Ni kuwa kin san halin da nake ciki. Tun murar nan mai zazzaɓi hancina ya tafi bai dawo ba, kuma humrar gidan nan ba ta da wani hanci sai naki. To bari in ba ki labarin wautar da na tafka a kan wannan fure da za ki je ki zauna da shi, don na riga ki saninsa.

An kawo ni Gure daga Gamu ina yarinya ɗanya, ban san komai ba sai surfe da jan guga. Kakarki Ya Gaptiya, uwar babanki, ita ce mai humrar unguwa a lokacin. Amare daga Bune, daga Gidigir, har daga cikin kwarurruka ake aiko mata. Ranar da ta ga na gane ƙonannen farcen humra da hanci tun daga bakin zaure, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe ɗanta bai yi asarar sadaki ba. Daga ranar ta zaunar da ni gefen kasko. Aikina na farko wankin kwalabe. Wani tsoho ne ke kawo su a buhu daga wajen barikin sojoji, koraye masu dogon wuya, kuma duk masu humra su suke so, don rana ba ta cin turare a cikinsu.

Wata hantsi na ɗauki guda na kai hanci kafin in zuba mata ruwa. Falmata, har yau ban san yadda zan faɗa miki ba. A sama akwai tsami mara daɗi, irin na tsohon kunu. Amma a can ƙasa akwai wani abu kore, mai sanyi, mai ɗaci-ɗaci, ya ɗauko ɓawon lemun tsami ya kuma ɗauko ciyawar kwari washegarin ruwan farko. Na rufe ido sai ga ni a bayan garinmu ina bin awaki, raɓa tana jiƙa mini gefen zane. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Na tashi da kwalbar a hannu, na shiga ɗaki inda kakarki take da baƙi, matan liman har da wata hajiya, na miƙa mata ina washe baki na ce wane turare ne wannan, mu saya mu zuba a namu.

Hajiyar ta ja mayafi ta rufe baki. Kakarki ta karɓi kwalbar ta ajiye a bayanta, ta ci gaba da hira kamar ban shigo ba. Sai da baƙin suka tafi ta kama kunnena ta murɗe, ta gaya mini abin da ake zubawa a ciki. Na yi kwanaki ba na iya haɗa ido da kowa. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, hanci ba shi da malami. Abin da ya yi masa daɗi ya yi masa daɗi, bai san halal ba bai san haram ba. Za ki buɗe buhunan nan ki ji daɗinsu, kada ki yi wa kanki ƙarya ki ce ba ki ji ba. Amma in hancin ya gama faɗin nasa, ki bar zuciya ta faɗi nata, kuma kada ki ruga da kwalba a hannu ki nuna wa kowa.

Kakarki ta koya mini wankin da kyau: toka da ruwan zafi, sannan rairayi a girgiza, sannan sabulu, sannan a kife su a rana har wuyansu ya yi zafin da ba a taɓawa. Ni kuwa da na ji tausayin ƙamshin, sai na fara rage hannu. In na zo kan wadda koren nan ya fi ƙarfi a cikinta, sai in ɗauraye sama-sama in ce ai ta fita. A raina ina ganin ɗan abin da ya rage zai gyara humra, babu mai ganewa sai ni. A irin wannan kwalba na ɗura wa wata amarya humrarta, ƴar gidan mutunci, da aka ba wani jandarma. Shi kuwa ya yi zama a garuruwa, ya san abin. Bai yi faɗa ba, tambayarta kawai ya yi inda ta samo turaren, ita kuma ta yi ta kuka tana rantsuwa. Uwarta ta dawo da kwalbar a ƙunshe cikin tsumma, ta riƙe ta da yatsa biyu. Kakarki ta zubar da humrar a bayan gida a gabana, farce da sandal da miski duk suka bi rairayi, kuma wannan ya fi mini murɗin kunne zafi.

Don haka kada ki ce ɗan kaɗan ne, babu mai ji. Akwai mai ji. Kayan aikinki ki bar su a wurin aiki, hijabin sallarki kada ya taka ƙofar izin. Ki sami ɗaki nesa da wurin ko da za ki sha tafiya, inda iska ba ta kawo tururin tukwanensu. Ba don mutane na ce ba. Don ki sami wuri guda da in kin shiga kin rufe ƙofa za ki ji ƙamshin kanki.

Kin ɗauka na daddara? Ina! Na daina wasa da wanki, amma na shiga neman koren nan a cikin abin da Allah Ya halatta. Shekaru na yi ina wannan hauka a ɓoye. Na shanya ɓawon lemu a inuwa na daka da gajiji. Na jiƙa jema da furen darbejiya. In babanki zai tafi kwari sayen dabino da kanwa, sai in ce ya tsinko mini duk ciyawar da ya gani tana fure a bakin ruwa, ya dawo da ita a aljihu yana mita, wai an mai da shi akuya. Wani haɗin ya yi daɗi har aka saya, wani ya yi warin da sai da na binne shi. Ko ɗaya bai kai ba. Kullum saura ƙiris, sai abin ya gudu.

Wadda ta warware mini ita ce Madam Afi. Ba ki san ta ba, ta bar garin kafin ki yi wayo. Mutuniyar ƙasar da za ki je ce, Kirista, tana da ɗan wurin sayar da abin sha a bayan tasha, sojoji da ma'aikatan da aka turo daga nesa su ne masu zuwa. Da tsohon mai buhu ya rasu, wurinta na koma karɓar kwalabe, ta ƙofar baya, da rana tsaka lokacin da gari ke ƙailula. Mace ce mai dariya da dukan jiki, Hausarta a karkace, tana son turaren wutana kamar me. Wata rana na cire kunya na tambaye ta. Ta ɗauko kwalba mai takarda a jiki ta nuna mini zanen wani ɗan abu kore mai ɓawo-ɓawo, ta ce sunansa ublon, fure ne na ƙasashen sanyi. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganinsa da ido ba, amma an gaya mata yaɗo yake yi yana hawa igiya, ya fi rufin soro tsawo, gona guda sai ka yi ta tafiya a ƙarƙashinsa ba ka ga rana ba. Ta ce wannan giyar an fi cika mata shi, shi ya sa ta fi sauran ɗaci, shi ya sa kuma kwalbarta ke riƙe ƙamshi.

Na dawo gida ina tafe kamar ba a ƙasa nake ba. Ashe fure ne. Ashe tsiro ne da Allah Ya halitta yana shan ruwan sama kamar yakuwa, mutane ne suka kai shi inda suka kai shi. Tun daga ranar nake mafarkin gonar nan. Ina shiga tsakanin igiyoyi, ganye ya rufe sama, haske yana saukowa kore, ƙasa da laima, babu rairayi ko ƙwaya. Ina tafe ina taɓa furannin suna fashewa a yatsuna. Wani lokaci kakarki na gaba da ni da ƙwarya a ka, ba ta waiwayowa. Ban taɓa kai ƙarshen gonar ba.

Ga inda na yi abin da har yau yake ci mini rai. Matar nan da nake zama a tabarmarta muna cin gyaɗa, in na hango ta a kasuwa sai in sunkuya ina taya tattasai har ta wuce. Ta gane, ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, ita ma sai ta riƙa kau da kai don ta sauƙaƙa mini. Da mijinta ya rasu na ce zan je gaisuwa in mutane sun ragu. Kafin su ragu ta kwashe kayanta ta koma ƙasarsu. Ta bar mini buhun kwalabe a wurin mai gadin tasha, duk a wanke tas, da toka da rairayi, yadda na taɓa gaya mata muna yi.

Za ki zauna da mutane irinta, masu sha da masu sayarwa, waɗansunsu za su fi ƴan uwanki kula da ke ranar da zazzaɓi ya kayar da ke. Kada ki bi su zuwa inda suke zuwa, kada kuma ki raina su. Wanda kika gaisa da shi a cikin izin, ki gaishe shi a titi ko da ƴan garinmu na tsaye suna kallo. In an miƙo miki kofi ki ce a'a da fara'a, tun ranar farko, a gaban kowa, don a'ar farko ita ce mai sauƙi. In an yi musu rasuwa ki je da wuri.

Sai kuma ke. Wani lokaci ina zaune ina cewa wa ya kai Falmata wannan hanya, sai in ga ba kowa ba ne, ni ce. Kina ƴar mitsitsiya nake ɗaure miki ido da ɗankwali a gaban masu saye, in riƙa miƙo miki abu kina faɗa: kanumfari, hawi, farce soyayye, farce ɗanye. Mata na tafawa, ni ina fankama. Ban taɓa yaba miki don kin share tsakar gida ko don kin yi haƙuri da yayyenki ba, kullum hanci, hanci. Yarinya ta tashi ta san abu ɗaya ne a jikinta ke sa a tafa mata, to don me ba za ta bi waɗanda suka fi kowa tafawa ba? Su manyan izin ɗin sun ga abin da na gani ne. Ina so ki sani yau, ko da mura za ta ɗauke naki yadda ta ɗauke nawa, ke ɗiyata ce, kuma kin fi hancinki. Ranar da aikin ya ishe ki, ki ajiye shi ba tare da kin ji kin zama ba kowa ba. Kina can ma ki riƙa cigiyar wani aikin, wurin masu sabulu ko masu turare, ai su ma hanci suke nema.

Da hancina ya tafi ban gaya wa kowa ba, kin tuna. Na ci gaba da haɗi da ido da ƙwaƙwalwa, in kin zo bakans, hutun makaranta, in riƙa miƙo miki kwalba ina cewa ji wannan mu gani ko kin manta. Ke kuma kika biye mini, kina cewa a ƙara sandal, a rage miski, kamar wasa muke. Sai ranar da tuwo ya kama a tukunya ina zaune dab da murhu ina tsintar shinkafa, kika fito daga ɗaki da gudu, kika sauke, kika tsaya kina kallona. Abin da kika ce kawai shi ne, “Inna, tun yaushe?” Da na faɗa da wuri, da wataƙila an kai ni likita a Damagaram tun abin bai yi nisa ba. Kada ki gaje ni a wannan. In abu ya same ki a can, ciwo ko kaɗaici ko wani da ya dame ki, ki faɗa tun yana ƙarami.

Yanzu duniya ta zama mini kamar hoto. Ina ganin hayaƙin kasko yana tashi, ina ganin hadari ya haɗo ta gabas, mata na cewa kai, ƙamshin ƙasa, ni sai in gyaɗa kai. Amma abin mamaki, in na kishingiɗa bayan azahar barci ya ɗauke ni, a cikin gonar nan hancina lafiya lau yake. Ina jin koren nan sarai, har ɗacinsa a maƙogwaro. Ke za ki riƙe furen a tafin hannunki, abin da na yi rabin rayuwata ina nema a ɓawon lemu. Ina jin haushin aikin, ina kuma ɗan jin kishinki, Allah Ya yafe mini. In kin kira, ki gaya mini ko da gaske ya fi soro tsawo.

Babanki ya tafi Gidigir tun jiya wai yana da kaya a can. Ba shi da kayan komai, ba ya so ne ya tsaya a tasha. Ya ce abin da ya ce, cewa albashin wurin ba zai shiga tukunyarsa ba, kuma kin san ba ya janye magana, don haka kada ki aiko, kada ki sa shi ya mayar miki. Amma igiyar da ke ɗaure da jakarki shi ya ɗaura ta da hannunsa, ya kwance ya sake ɗaurawa don bai gamsu da ƙullin farko ba. Ki kira shi duk Juma'a bayan an sauko. Zai ce “to” da “madalla” ya miƙo mini wayar. Ki ci gaba da kira.

Humra kuwa, na sallami amaren bana, na tura su wurin wata mai humrar. Ba zan ɗura wa ƴar mutane abin da ban ji ba. Kasko da turmin farce na wanke na kife a ɗakin kakarki. Ban sayar ba, ban bayar ba, ban kuma ce dole ki dawo ki ɗauka ba. Suna nan dai.

Abu ɗaya nake roƙonki, shi ne dalilin takardar duka. Ranar da kika sami hutu, ki taho. Na san abin da zai faru: za ki sauka a tasha ki kai hannun riga hanci, ki ji kamar abin yana jikinki, a gashinki, a jakarki, ki fara tunanin ki wuce gidan ƙawa ki yi wanka tukuna, ko ki jira duhu, ko ki bari sai wani hutun. Kada ki yi. Babanki zai ji, hancinsa garau yake, zai tsuke fuska ya ɗauki buta ya fita, wannan ki bar ni da shi. Maƙwabta su ji abin da za su ji. Ni uwarki ba zan ji komai ba, Allah Ya riga Ya ɗauke mini wannan. Ki shigo da ranarki tsaka yadda kike, ki faɗo jikina, in riƙe ki.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya tsare miki imaninki da mutuncinki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya buɗa miki wata ƙofar da ta fi wannan. Allah Ya yi miki albarka, Ya maido mini da ke ina da rai.

Innarki,
Bintu mai humra,
Gure.